Wai Minti Biyar Ya Isa

Ku dakata, gwanaye, kada ku fara murguɗa baki tun ban kai aya ba. Cewa na yi ɗora manhajojin nan na kyauta da ake rubuta shirin kwamfuta da su azaba ce ga sabon shiga, kuma rabin azabar daga takardun bayaninsu take. Ga wani can baya yana cewa, "Haba malam, ai minti biyar ya isa." Sannu da ƙoƙari, oga. Shekara nawa ka yi kana shan wuya kafin abin ya koma minti biyar?

Mu ɗauki Python, tunda shi ake fara miƙa wa kowane ɗalibi wai ya fi sauƙi. Yaro ya sauke shi a Windows, ya yi ta danna gaba har aka ce an gama. Ya buɗe baƙin allon nan ya rubuta python, sai kwamfuta ta ce ba ta san mai wannan suna ba, ko ta kwashe shi ta dire a Microsoft Store. Laifinsa? A shafin farko na ɗorawar akwai wani ɗan akwati can ƙasa na saka Python cikin PATH, kuma sai mutum ya danna shi da hannunsa. PATH kuwa jerin wuraren da kwamfuta ke leƙawa ne idan an kira sunan manhaja. Kun ga, a jimla ɗaya na yi bayaninsa, amma ita ce ta gagari masu darussa da yawa.

Na san maganinku, ai kullum guda ne: "Ya koma Linux mana." To, ya koma. A Ubuntu ya rubuta python, shiru, ashe a can python3 ake kiransa. Darasin da yake bi kuma na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, amma ba wanda ya rubuta hakan a saman shafin. Ya lallaɓa ya kai kan pip don ya sauko da wani ƙunshi, sai aka ce a'a. Tun 2023, daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, pip ba ya yarda ya zuba kaya kai tsaye cikin Python na tsarin, sai an ware masa ɗakinsa da venv. Dalilin mai kyau ne, don kada mutum ya lalata kayan da tsarin kansa ke dogaro da su. Sai dai shi ma venv ɗin yakan ce sai an ɗora masa wani ƙunshin tukuna. Takardar bayani kuwa layi ɗaya ta rubuta, har da cewa "kawai".

Irin kwatancen ɗan gari ke nan: ka miƙe, in ka kai gindin tsamiya ka karya kwana. Tsamiyar an sare ta tun bara waccan, shi dai a kansa tana nan tsaye.

Kada kuma mu manta da aljihu. Wani ƙunshin a Windows sai ya tsaya tsakiyar hanya ya ce sai an kawo masa kayan Microsoft Visual C++, abin da ke cin gigabait ba ɗaya ba. Wanda ya rubuta bayanin yana zaune ne inda intanet ba ta yankewa. Ɗalibinmu da datar sati yake fama, batirin kwamfutarsa ya yi ja, an kuma ɗauke wuta. Da an faɗa masa girman abin tun farko, da ya jira tsakar dare lokacin garaɓasa.

Har yanzu kuna ganin raki ne? To ku amsa mini wannan. Mutum ya yi amfani da Git, manhajar adana canje-canjen shiri, karon farko, ya manta bai saka saƙon bayanin canjinsa ba, sai ya tsinci kansa cikin manhajar rubutu ta Vim, ya danna duk abin da ke gabansa ya kasa fita. A 2017 shafin Stack Overflow ya sanar cewa tambayar yadda ake fita daga Vim an leƙa ta sau miliyan guda. Duk ragwaye ne? Kai da ke dariya, rantse ba ka cikinsu.

Hujjarku mai ƙarfi guda ce, kuma na karɓe ta: kyauta ce, akasarin masu yin aikin ba a biyansu, lasisin ma ya faɗa ƙarara cewa babu garanti. Allah ya saka musu da alheri. Ba da su nake ba. Da kai nake, kai da yaro ya kawo maka hoton kuskure ka ce masa "je ka karanta README", alhali daga wannan takardar bayanin ya fito. Da kuma ɗan'uwanka, wanda ya yi tambaya shekaru da suka wuce, ya dawo ya rubuta "na gyara, na gode", ya tafi bai faɗi yadda ya yi ba. Wannan kam sai dai Allah ya isa.

Shi kuma mai cewa "ai a tawa kwamfutar yana aiki", dole ya yi aiki mana, tunda duk abin da ake buƙata ka ɗora shi tuntuni har ka manta. In kana musu, nemo kwamfutar da ba a taɓa ɗora mata komai ba, zaunar da ƙanwarka, miƙa mata bayanin, ka naɗe hannu ka ja bakinka ka yi shiru. Duk inda ta tsaya tana kallonka, layi ne ya ɓace a wurin. Rubuta shi ka tura wa masu manhajar, suna karɓar gyaran bayani kamar yadda suke karɓar gyaran shiri. Minti biyar dai ka ce, oga, bismillah.