Ire-iren Masu Gida a Ƙasar Wasu

A mazaɓar Kazage ta ƙaramar hukumar Birnin Gwari, inda shekarun 'yan bindigar daji suka nuna wa jama'a cewa gari na iya zama kufai cikin dare ɗaya, zancen mallakar gida a can wata ƙasa ba ya yankewa a majalisa, ko da yake yawancin masu yin sa ba su taɓa wuce Funtuwa ko Kaduna ba. Wanda ya lura da waɗanda suka saya da gaske, daga wannan yanki da sauran ƙasar Hausa, zai ga kowannensu da abin da yake nema a bayan sunan gida, kuma wannan buƙata ce ke raba su jinsi-jinsi.

Wanda ya fi fice shi ne dillalin zinariya, mai sayen abin da mahaƙa suka tono a ramukan daji, wanda ya bi sawun hajarsa har Dubai, birnin da ya buɗe wa baƙi damar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni tun 2002. Irin cinikin da ya fi burge shi shi ne saye kan zane, wato mutum ya riƙa biya kashi-kashi alhali ginin bai wuce hoto ba. Saboda haka gidansa a cikin waya yake, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ga dogon bene da tafkin wanka da itatuwan dabino, sa'annan Alhaji ya buɗa hoton da yatsa biyu ya nuna wata taga can sama, ya ce nan ne nasa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne kashi 4 cikin ɗari na kuɗin rajista a hukumar filaye, da kuɗin hidimar gini, wato abin da ake karɓa duk shekara don shara da gadi da na'urar hawa bene, ko mai gida ya kwana ko bai kwana ba. Dirhami, kuɗin Dubai, kuma a ɗaure yake da dala, don haka lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai ragowar bashin a naira ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa ko ɗaki ɗaya ba. Ga shi daga 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, abin da ya samar da wani sabon nau'in mai gida, wanda ba shi da izinin zuwa ƙofar gidansa.

Kishiyarsa a ɗabi'a shi ne mai ɓoyo, wanda galibi ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan siyasa, kuma babbar azabarsa ita ce ya mallaki abin alfahari amma ba halin ya faɗa. Doka ta wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, shi ya sa gidansa na Landan yake da sunan wani kamfani da aka yi wa rajista a tsibirin da shi kansa ba zai iya nunawa a taswira ba, ko da sunan ƙanin matarsa, wanda daga ranar ya daina durƙusawa idan zai gaishe shi. Wani rahoto da cibiyar Carnegie ta Amurka ta fitar a 2020 ya danganta gidaje 800 a Dubai da manyan Najeriya masu alaƙa da mulki, Birtaniya kuma ta kafa rajista a 2022 da ke tilasta wa kamfanonin waje masu gidaje su faɗi ainihin mai su. Tun daga nan mai ɓoyo ya zama mai yawan karanta jarida da asuba, yana duba ko sunansa ya fito.

Akwai kuma mai neman maƙwabtaka da Harami, dattijo mai kyakkyawar niyya da ke son ƙarasa kwanakinsa a Makka ko Madina. Dokar Saudiyya ta daɗe tana hana wanda ba ɗan ƙasa ba sayen gida a biranen biyu, kafin sabuwar dokar 2025 ta fara sassautawa bisa sharuɗɗa, don haka al'adarsa ita ce ya saya da sunan wani ɗan uwa da kakanninsa suka je hajji a ƙafa suka zauna har zuriyar ta sami takardar ƙasa. Idan aka tambaye shi shaida, sai ya ce Allah ne shaida, wanda gaskiya ne, sai dai kotun Saudiyya takarda take karɓa.

Ɗan kasuwar da ya sayi gida a Maraɗi ba ya yarda cewa ƙetare ya saya, tunda harshe ɗaya ne, tuwo ɗaya ne, kuma surukansa a can suke. Rufe iyaka a watan Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun tuna masa cewa akwai iyaka, takardar gidan ma da Faransanci take, sai ya nemi mai karanta masa. Mai baki kuwa, wanda bai sayi komai ba, shi ya fi kowa sanin farashi, kuma a teburin mai shayi zai bayyana cewa gidan dala 400,000 na samar da fasfo ɗin Turkiyya, kafin ya ce a rubuta masa shayin bashi.

Daga ƙarshe sai magaji, wanda bai zaɓi shiga wannan sahu ba, rasuwa ce ta jefa shi. Shi ne ke gano bayan sadakar bakwai cewa abin da marigayi ya kira gidansa na Landan haya ce ta dogon zango, tsarin da ake sayar da ɗakunan bene a Ingila na shekaru 99 ko 125 alhali ƙasar tana hannun wani, kuma wa'adin na raguwa kowace shekara, darajar na binsa. Alƙalin kotun shari'a a Birnin Gwari zai lissafa tumunin mata da rabon 'ya'ya daidai yadda ilimin gado ya tsara, amma kafin ko fam ɗaya ya iso hannun magada, hukumar harajin Birtaniya za ta cire kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000.