Ire-iren Masu Auna Basirarsu a Intanet

Gwajin basira na intanet fasalinsa kusan ɗaya ne ko'ina: tambayoyi ashirin ko talatin, agogo na gudu a saman shafi, jerin lambobi da ake neman ta gaba, sai akwatuna tara masu zane-zane da aka bar na ƙarshe wayam. Akwatunan an kwaikwayo su ne daga gwajin da John Raven ya fitar a Birtaniya a 1938. Tushen abin kuwa ya girmi haka, domin Alfred Binet da Théodore Simon ne suka tsara na farko a Faransa a 1905, don a gano yaran makaranta masu buƙatar ƙarin taimako. A ma'aunin yau maki 100 shi ne tsaka-tsaki, kusan kashi biyu cikin uku na mutane suna tsakanin 85 da 115, waɗanda suka haura 130 kuma kimanin biyu ne cikin ɗari. Abin mamaki, a zaurukan WhatsApp waɗannan biyu cikin ɗari su ne suka fi kowa yawa. Sauran jama'a, da sakamako bai yi musu daɗi ba, sun kasu gida-gida.

Gida mafi girma shi ne na Mai Uzuri. Ya samu 97, maki mai mutunci da ba ya buƙatar kariya, amma shi a wurinsa ƙazafi ne da sai an wanke. Ba ya jira a tambaye shi. Da farko sabis ne ya yi rauni, shafi ya tsaya yana juyi agogo kuwa bai tsaya ba. Daga nan aka ɗauke wuta, zafi ya taso, ga sauro. A tambaya ta goma sha biyu yaro ya fasa kuka, a ta goma sha biyar aka yi sallama a ƙofar gida, kuma ai ba a barin baƙo tsaye saboda wasu akwatuna. Gilashin wayar ma ya tsage daidai inda amsar take. Idan aka nuna masa cewa abokinsa ya samu 118 a irin wannan waya, cikin irin wannan zafi, sai ya gyara zama ya ce, “Kai ma dai, malam, ai shi ya ci abinci.” Lissafinsa na ƙarshe shi ne mafi ban sha'awa: yana mayar wa kansa maki biyar na sabis, bakwai na wuta, goma na kukan yaro, har ya kai 119, ya tsaya a nan saboda tawali'u. Mutumin da ya iya wannan tarawa a ka, cikin daƙiƙa uku, lallai wataƙila gwajin ya ɗan zalunce shi.

Mai Naci ba ya gardama, maimaitawa yake yi. Ya fara da 104 bayan la'asar, kafin isha ya kai 141, domin tambayoyin ba sa canzawa kuma ya haddace su kamar karatun allo. Masana sun daɗe da sanin cewa maimaita gwaji ɗaya yana ɗaga maki, shi ya sa ake barin tazara mai tsawo kafin a sake yi wa mutum. Shi dai hoton na ƙarshen yake ɗauka ya tura wa dangi.

Akwai Mai Taron Dangi, wanda ya buɗe kalkuleta, ya zaunar da ƙanwarsa 'yar sakandare a gefe, sannan ya yi shelar sakamakon da sunansa shi kaɗai. Akwai Mai Satifiket, da ya sha wahalar rabin awa, aka ce masa sakamakonsa “na ban mamaki ne” amma sai ya biya kafin ya gani, ya kuwa biya. Bai taɓa tambayar kansa ko akwai ɗan kasuwar da zai karɓi kuɗin mutum sannan ya kira shi dolo ba. Sai Maƙwabcin Einstein, mai cewa maki takwas kacal ya rage ya kamo 160 na wancan bawan Allah, alhali ba a san Einstein ya taɓa zama irin wannan gwaji ba, lambar ƙiyasi ce aka laƙaba masa.

Mai Shakkar Ƙarya ya fi su wayo. Ya samu 138, sai ya rubuta, “Jama'a, don Allah wannan yana da kyau kuwa? Ni ban san kan abin ba.” Ya san kan abin sarai. Ya san ƙungiyar Mensa, da aka kafa a Oxford a 1946, tana karɓar biyu cikin ɗari na sama, ya kuma san ba ta karɓar hoton fuskar waya. Yabo yake jira, kuma yakan samu.

Mai Falsafa kuwa sai bayan ya ga makinsa yake gano cewa basira ba ta aunuwa. Nan take ya tuna Howard Gardner, wanda ya ce a 1983 basira iri-iri ce, sannan shi Mai Falsafa ya kawo misalin dillalin shanu da bai yi boko ba amma yana kimanta bijimi da ido. Yana da gaskiya a wurare da dama: gwaji na ainihi ƙwararre ne ke gudanar da shi ido da ido, ya ɗauki fiye da awa guda, a kwatanta mutum da sa'o'insa. Abin lura kawai shi ne wannan hikima ba ta taɓa sauko wa wanda ya samu 135 ba. Wasu 'yan wannan gida har sukan zauna su rubuta dogon bayani a kan ire-iren mutane, ba tare da sun faɗi nasu makin ba.

Duk waɗannan kansu kawai suke ruɗa. Wanda ke ɓata rai shi ne Mai Jadawali. Daga gwajin minti ashirin ya tsallaka zuwa taswirar da ke bai wa kowace ƙasa maki, ya ga an jera ƙasashen Afirka a ƙasa, ya tura da sharhin “shi ya sa ba ma ci gaba”, yana cire kansa daga cikin “mu” ɗin. Mutumin da ya yi kwana uku yana tuhumar sabis a kan makinsa ya haɗiye hukuncin nahiya guda ba ko tari. Yawancin taswirorin nan suna komawa ga littafin Richard Lynn da Tatu Vanhanen na 2002, wanda fiye da rabin ƙasashen cikinsa ba su da wani gwaji da aka dogara da shi, daga makin maƙwabtansu aka ƙiyasta nasu. Wasu kuma an yanke musu hukunci da gwajin yara 'yan ƙalilan. Ga shi James Flynn ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki maki ya riƙa hawa da kimanin uku a kowace shekara goma cikin ƙarni na 20, lokacin da makaranta da abinci da kiwon lafiya suka inganta. Idan aka karanta wa Mai Jadawali wannan, sai ya ce bayanin ya yi tsawo, a taƙaita masa.