Zuwa ga Bazazzagen Minisota, kafin a fara zamiya

Bawana Bazazzage, ya sanyi? Na san Satumbar 2025 ce, hunturun bai kankama ba, amma mutumin da hazon Samaru ke sa wa riga uku da hular sanyi ai tun yanzu ya kamata a fara yi masa jaje. Saƙonka ya iso. Ka ce in rubuta in ajiye, wai a kakar 2025 zuwa 2026 Jami'ar Minisota ce za ta ɗauki kofin hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka. To na rubuta, har na buga a jarida, don kada Afrilu ta zo ka ce Bakano ya yi maka ƙage.

Bari in ɗan yi wa masu karatu bayani, tunda ba kowa Allah ya jarraba da abokin wasa irinka ba. Mutum shida-shida ake shiga, har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai wuƙa a ƙasa da sanda mai lanƙwasa. Abin da ake rububi a kai wani ɗan faifan baƙar roba ne da bai cika tafin hannu ba, wanda sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya yi ta tsalle. Zubi uku ake yi, minti ashirin-ashirin. Wanda ya yi ƙeta a zaunar da shi a keɓe minti biyu, 'yan'uwansa su yi ta fama da giɓin mutum ɗaya. Ɗan wasa ba ya cika minti guda a fili sai ya koma benci ya huta, wani ya maye gurbinsa. Ina jin nan ne wasan ya burge ka.

Sai tambarinku. Penn State suka ɗauki zakin dutse, Michigan State suka ɗauki mayaƙin Sparta. Ku da aka ba ku zaɓi, sai kuka ɗauko wata 'yar dabba mai haƙar rami, dangin gafiya, haƙora biyu a waje, kuka sa mata riga. Ita ce a ƙirjinka a hoton da ka turo.

Ban ce ba ku da tarihi ba. Bazazzage ai ba a raba shi da tarihi, ko bashi ka je karɓa sai ya ba ka labarin Sarauniya Amina. Kofi biyar gare ku. Uku a hannun Herb Brooks, a 1974 da 1976 da 1979, mutumin da ya ja yaran Amurka suka doke Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3 a Lake Placid a 1980. Biyu a hannun Don Lucia, a 2002 da 2003. Daga nan tsit. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon kofinku na ƙarshe yanzu ya gama digiri, ana maganar kai kuɗin aurensa. Denver ta cika goma a 2024, Mishigan na da tara, maƙwabtanku North Dakota na da takwas. Western Michigan ma, da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, ta lallasa Jami'ar Boston da ci 6 da 2 a watan Afrilun bana ta tafi da nata.

Ka yi haƙuri, sai na taɓo Tampa. Ranar 8 ga Afrilu, 2023, cikin azumi, wasan ƙarshe tsakaninku da Quinnipiac, wata 'yar jami'a a jihar Connecticut da rabin Amurkawa ba su iya faɗar sunanta ba. Kuna da Logan Cooley da Matthew Knies da Jimmy Snuggerud a gaba, Brock Faber a baya, kun zira biyu ba ko ɗaya. A nan ka tashe ni da waya cikin tsakar dare kana ihu in tanadi goron barka. Sai suka farke ɗaya. Ku kuma kuka ja baya kuka tsugunna a bakin raga kuna jiran agogo ya cece ku. Saura ƙasa da minti uku, sun fitar da mai tsaron ragarsu sun ƙara ɗan gaba, Collin Graf ya farke na biyu. Aka tafi ƙarin lokaci, inda wanda ya fara ci shi ke da kofi. Alƙalin wasa ya saki faifai a tsakiyar fili, suka ja shi baya, Zach Metsa ya cilla doguwa ga Sam Lipkin, shi kuma ya miƙa wa Jacob Quillan, sai raga. Daƙiƙa goma, Bazazzage. Ba ka ma gama gyara zama ba. Mu nan lokacin ana ɗumama tuwon sahur, na yi ta kiranka, wayar a kashe.

Kuma ba farau ba. Union College ta yi muku 7 da 4 a wasan ƙarshe na 2014. Ƙannenku na Mankato, 'yan jiha ɗaya, suka yi muku 5 da 1 a kusa da na ƙarshe a 2022. A watan Maris ɗin bana, a Fargo, Jami'ar Massachusetts (UMass) ta sallame ku tun zagayen farko da ci 5 da 4, nan ma a ƙarin lokaci.

Yanzu bari in ajiye wasa in gaya maka abin da ya sa ban sayi hajarka ba. Gasar ƙasa ta ƙungiya goma sha shida ce, faɗuwa ɗaya a naɗe tabarma. Wasa huɗu a jere ake so ka ci. A irin wannan fage, gardawa 'yan shekara ashirin da uku da suka shekara huɗu tare, da mai tsaron raga da hannunsa ya faɗa daidai a makon, sun fi taurari 'yan shekara goma sha tara amfani. Ku kuwa taurari kuke tarawa, kuma kafin su zo an riga an zaɓe su a NHL, babbar gasar ƙwararru. Kun zama mai kiwon ragon layya na wani: ku ba shi dusa da harawa, ya yi kitse, ranar yanka mai shi ya zo ya ja abinsa. Dubi bana. Hawayen Fargo bai bushe ba Snuggerud ya sa hannu da St. Louis, Sam Rinzel da Oliver Moore suka nufi Shikago, Matthew Wood ya tafi Nashville. Masu ci da mai tare baya duk sun watse cikin 'yan kwanaki. Da wa za ka je yaƙin?

Ga kuma sabuwa. A watan Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ɗage haramcin da ta daɗe da sa wa yaran manyan gasannin matasa na Kanada, aka buɗe musu ƙofar jami'a daga Agustan 2025. Gavin McKenna, ɗan Whitehorse da ake sa ran shi za a fara zaɓa a NHL a 2026, ya zaɓi Penn State, wadda dama ta kai matakin huɗun ƙarshe a bana karo na farko a tarihinta. Porter Martone ya tafi Michigan State, inda Trey Augustine ke tsare raga. Duka biyun rukuninku ɗaya, Big Ten, ƙungiya bakwai, kowa zai kara da kowa sau huɗu. Ba wajen ɓuya.

Na san me za ka ce: mu 'ya'yan gida muke alfahari da su, Minisota ce mahaifar hoki a Amurka. Wannan taurin kan na san inda na saba ganinsa. Doug Woog ya riƙe ƙungiyar daga 1985 zuwa 1999, kusan ba ya ɗaukar kowa sai ɗan jiha, ya tafi ba kofi ko ɗaya. Da aka zo 2002, a St. Paul, gaban jama'arku, wa ya ci muku Maine a ƙarin lokaci? Grant Potulny, ɗan Grand Forks ta North Dakota, shi kaɗai ne baƙo a cikin ƙungiyar. Da Bakano ne ke riƙe da ku, tun ranar zai gane karatun. Mu a kasuwar Kwari ba ma tambayar asalin yadi, mu dai ya yi kyau ya shiga.

Kada ka ce ban yi adalci ba. Bob Motzko, da aka ba aikin horar da ku a 2018, ya san aikinsa, shi ya ciyo wa matasan Amurka zinare a gasar duniya ta 2017. Kakar da ta wuce kun raba kambun Big Ten da Michigan State. Brody Lamb da Brodie Ziemer suna nan, kuma filinku na Mariucci zai cika da mutum wajen dubu goma ko da kun kwashi kashinku a hannu. Hasashena dai shi ne tsakiyar teburi, a yi ta tuntuɓe har Disamba kafin sababbin su san juna. In kuka samu kujera cikin goma sha shidan nan, ka yi sadaka.

In kofi kake son gani da idonka, ga Ridder Arena nan jikin Mariucci, inda matan jami'ar ke wasa. Shida suka ɗauko a gasar NCAA, kuma a kakar da ta ƙare a 2013 wasa 41 suka buga, suka cinye 41. Je ka gaishe su da ladabi, ko sa ba mazan sa'a.

An ce a Las Vegas za a yi wasan ƙarshe a watan Afrilu, ƙanƙara a tsakiyar hamada. In kuka ɗauko, na yarda zan zo har Ƙofar Doka in zauna a ƙasa in sha fate kwano guda a gaban yaran unguwa, a ɗauki hoto. In ba ku ɗauko ba, rigar nan mai gafiya za ka aiko mini, akwai mai gadinmu da ke kukan sanyi. Tikitin jirgi kuwa, in har sai ka saya tun yanzu, nemi irin wanda ake mayar wa mutum da kuɗinsa.