Risala a Kan Fentin Kumbon Kara, da Matsayin Akuya a Cikinsa

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, Allah ya buɗa maka, cewa a ƙasar Ingila akwai wata jama'a ta magidanta masu cikakken hankali, wasunsu har da furfura, waɗanda in sun taso daga aiki sai su shige ɗaki su kunna fitila, su ɗauko sojan roba wanda tsawonsa bai wuce kwanson gyaɗa ba, su yi ta shafa masa fenti har dare ya raba. Kada ka yi saurin yanke musu hukunci. Fanni ne mai zaman kansa, da shehunansa da almajiransa, da cibiyarsa a birnin Notingham, inda kamfanin Games Workshop yake zaune. An kafa kamfanin a Landan a 1975. A 1987 ya fito da wasan Warhammer 40,000, labarin wani yaƙi da za a gwabza tsakanin taurari nan da shekara dubu talatin da takwas da ɗoriya, in rai ya kai. A 1987 ɗin ne kuma aka soma gasar Golden Demon, inda ake jera 'yan sojojin nan da kumbunansu, alƙalai su duƙa a kansu, wanda ya fi kowa iya fenti a ba shi takobi na gaske. Wato mutum ya share watanni yana gyara girar soja mai milimita 28, ya kashe idonsa, ya ɓata da matarsa, sannan a miƙa masa makami. Hikimar wannan tsari tana wurin masu shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in tabbatar, da hujja da lissafi, cewa duk sharaɗin da fannin yake bukata ya cika a Cadakori ta ƙasar Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi, kuma ya cika tun kafin Notingham ta san inda aka dosa. Turawa suna kai salsalar wasansu ga wani hafsan Furushiya, Reisswitz, da ya nuna wa manyan soja wasan yaƙi na kan tebur a 1824, da kuma littafin H. G. Wells na 1913 mai suna Little Wars. Tamu salsalar ta fi sauƙin hardacewa: yaro ya karɓa daga wansa, wan ya karɓa daga nasa wan, haka har a kai ga wanda ya fara yanke yatsa da ɓawon kara.

Masu wannan sana'a a wajenmu sun rabu mazhabobi. Akwai 'yan laka, masu gina shanu da dawaki a bakin tabki da damina, amma laka tana da nauyi, ba ta da buri a sama. Akwai 'yan gwangwani da waya, mutanen kirki ne, sai dai kayan aikinsu na zuwa daga kanti, don haka akwai shubuhar bidi'a a tare da su. Mazhabar da ake fatawa da ita tun daga Tsibiri har Agye da Gazawa ita ce ta kara. Lokacinta bayan kaka, in an yanke hatsi da dawa, kara ya bushe. Injiniya, wanda galibi bai wuce aji huɗu a lakwal ba, yana ɓare ɓawon karan da haƙori ko da tsohuwar reza, ya tsaga shi siri-siri, ya yanyanka totuwar da ke ciki, sannan ya riƙa soka tsinken ɓawo cikin totuwa, gaɓa kan gaɓa, har mota ta miƙe da ƙofarta da madubinta, da tayoyin sakaina ko na tsohon silifas. Ba ƙusa, ba gam. Wanda ya iya haɗa babbar motar gyaɗa ta wannan hanya, kumbo ba zai gagare shi ba, tun da kumbo mota ce da aka tsayar a kan gindinta aka cire mata taya.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne ƙashin bayan risalar, a gyara zama. Sojan roba mai milimita 28 yana wakiltar mutum mai kimanin mita ɗaya da santimita 70. Ke nan an rage komai kusan sau 60. Rokar Saturn V, wadda ta ɗauki 'yan sama jannatin Apollo 11 zuwa wata a Yulin 1969, tsawonta mita 110 ne da 'yan kai. Raba 110 gida 60, za ka sami mita ɗaya da santimita 83. Je ka gonar dawa ka auna. Kara guda ya isa ya ba ka Saturn V cikakkiya a ma'aunin Notingham, har ka sami ragowar da za ka kori kaji da ita. Bugu da ƙari, rokar nan hawa uku ce, kowane hawa in mansa ya ƙare sai ya ɓalle. Karan dawa ma gaɓa-gaɓa aka halicce shi, kuma duk wanda ya taɓa jefa shi sama da ƙarfi ya san a gaɓar yake rabuwa. Amurka ta kashe biliyoyin daloli kafin ta kai ga wannan tsari.

Mai gardama zai ce, to kauri fa? Gaskiyarsa. Faɗin gindin Saturn V mita 10 ne, wanda a ma'auninmu ya zama wajen santimita 17, alhali karan dawa bai fi babban yatsa da kaɗan ba. Amsar ita ce a ɗaure kara da yawa wuri guda da igiyar kaba. A nan ne matsalar kuɗin aiki take shigowa, domin a ƙasar Maraɗi ta yau kara ba abin banza ba ne: abincin dabbobi ne da rani, darni ne, makamashi ne, ana kuma sayar da shi dami-dami. Saboda haka hukumar sararin samaniya ta kowane gida tana gudanar da ayyukanta a ɓoye daga maigida. In ya kama darakta a bayan rumbu yana zare kara, kasafin shekara ya ƙare nan take, wani lokaci da ɗan ƙarin bayani a kunne.

Fenti kuwa babi ne mai faɗi. Shehunan Notingham sun yi ijma'i cewa a tsinka fenti da ruwa a shafa shi sau biyu ya fi a lafta shi sau ɗaya. Ba mu musa ba, sai dai a kan kara maganar tana da ƙarin sharhi. Totuwa mashayiya ce, duk abin da ka ɗiga mata sai ta zuƙe ta kumbura. Ɓawo kuma santsi gare shi, launi ba ya zama a kansa sai an kankare shi da reza. Don haka shafin farko na ƙaro ne, wanda almajiri yake jiƙawa ya haɗa tawada da shi. In ya bushe sai a bi da farar ƙasa. Saturn V fara ce da zanen baƙi, an yi zanen ne don masu ɗaukar hoto daga ƙasa su gane ko tana juyawa, kuma gawayi da baƙin gindin tukunya sun wadatar a nan. Ja daga karan dafi, wanda dukawa suke rina fata da shi. Rawaya daga gangamau. Shuɗi daga bular wanki, in uwa ta juya baya. Tagar kumbo da hular ɗan sama jannati ana yin su da takardar azurfa ta kwalin taba. Buroshi gashin kaza ne, ko asawaki da aka tauna har ya yi laushi. Da asawakin nan ake fesa taurari a kan baƙin allo, a tsoma shi a farar ƙasa a karce shi da farce, yadda Bature yake yi da tsohon buroshin haƙori. Amma a kula: a garin da fitilun birni ba su kashe taurari ba, kowace tsohuwa tana iya duban allonka ta ce maka Kaza ba a nan take ba, kuma 'ya'yanta ba su cika ba.

Akwai wani reshe na malamai da suka tafi a kan cewa fenti gaba ɗaya ɓarna ce, a bar kara da launin da Allah ya yi masa. An daɗe ana yi musu kallon malalata, har NASA ta koma bayansu. A tashin farko da na biyu na kumbon Columbia a 1981 an shafe babban tankin mansa da farin fenti. Daga na uku, a 1982, aka daina, domin fentin kaɗai yana da nauyin wajen kilo 270. Tun daga nan tankin ya riƙa tashi da launinsa na asali, ja-ja mai ruwan ƙasa, wanda duk Bamaraɗe zai gane a jikin akuyar gidansu.

Inda na fi tausaya wa 'yan'uwanmu na Ingila shi ne batun ƙura. Bayan mutum ya gama fentin kumbo tsaf, ƙa'idar fannin ta ce sai ya tsufar da shi, ya sa masa tsatsa da datti da alamar wahala, don a ga kamar ya je yaƙi. Ƙurar nan saye suke yi, cikin 'yan kwalabe, da kuɗi mai ciwo. A Cadakori ajiye kumbon ake yi a kan danga cikin watan Janairu, a je a sha fura a dawo. Hunturu ba ya karɓar ko dala.

Game da launin ƙasar duniyar Mars, wadda ake yawan girke sojojin nan a kanta, ba na jin akwai wanda ya kai mu ikon magana. Jan da ake hangowa tsatsar ƙarfe ce, irin wadda ta rina tamu jar ƙasa. Sannan Mars da kanta ta aiko mana da samfuri. Ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Faskari ta Katsina, bincike kuma ya tabbatar daga can yake. Ɓawonsa baƙi, cikinsa ruwan toka, abin da ke nuna cewa mai zuba ja zalla bai yi zurfi a karatu ba, a ƙara toka. A Nuwamban 2023 aka tsinci wanda ya fi shi a jihar Agadas, kusan kilo 25. Wannan ba mu samu mun gwada launinsa da kyau ba, domin a Yulin 2025 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyok kan dalar Amurka miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita. In an ƙara da cewa NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, wadda ta saurari John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a Fabrairun 1962, za a ga cewa mu ba baƙi ba ne a harkar.

Saura alƙalanci. A Notingham mutane ne suke hukunci, ana iya ƙorafi, abin da ya yi nasara kuma a sa shi cikin akwatin gilashi. A wajenmu matakai uku ne. Na farko 'yan unguwa, waɗanda ba su san kara ba, sai dai na dawa: in kumbo ya karkace za a faɗa maka a gaban ƙannenka. Na biyu gwajin tashi, a ɗora shi a ɗanƙo ko a wurga shi da hannu. Wanda ya sauka a kan rumbu ana lissafa shi cikin waɗanda suka isa, wanda ya faɗa gidan maƙwabta sai an tura jakada. Na uku, wanda babu ɗaukaka ƙara bayansa, jar akuyar Maraɗi ce. Ba ta duba sunan mai aiki ko na ubansa. Tana farawa daga hawa na uku ta gangaro, kuma an lura ta fi son wanda aka wadata da ƙaro, abin da ya sa gwani ya fi kowa saurin rasa aikinsa. Abin da ta rage, gara ta ƙarasa. Shi ya sa ba mu da cutar da ta addabi Turawa, ta tara kwalayen sojoji da ba a yi wa fenti ba har su cika ɗaki, mai su yana wucewa yana sunkuyar da kai.

Hukuncina shi ne, a fagen kyan gira da ƙyallin sulke Notingham tana gaba, kuma a bar mata takobinta. A fagen ma'auni, da arahar kaya, da sahihancin ƙura, da alƙalin da ba a saye, Cadakori ba ta da na biyu. Ina roƙon iyaye maza, in an zo tara kara bana, a ware dami ɗaya a yi kamar ba a ƙirga shi ba. Mai akuya kuma ya taimaka ya ɗaure ta, ko da zuwa la'asar ne, har fenti ya bushe.