Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji GitHub

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa daga Ɗanzomo, da fatan iyayen gidanka na Microsoft, da suka saye ka a 2018 kan dala biliyan 7.5, suna lafiya. Dalilin takardar nan shi ne kowa ya san matsayinsa: matasanmu masu rubuta manhaja a Gumel da kewaye za su riƙa kawo maka ajiya, amma fatoma kake, ba mai kaya ba. Falken da ya bar shanu a hannun mai masaukinsa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ai bai yi kyauta ba.

Buƙatarmu gare ka a fili take. Kwamfuta a nan tana fama da zafin bazara, ƙurar hunturu, da wutar da ke zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana. In ta mutu, aikin watanni ya bi ta. Maganin kuwa layi biyu ne: da git remote add origin a sanar da ita adireshinka, da git push a tura maka kwafi. Masu cewa sabis ɗin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar ba zai ɗauki wannan hidima ba, sun manta yadda Linus Torvalds ya tsara manhajar Git a 2005. Mutum yana adana kowane gyara a na'urarsa ko babu intanet, in sabis ya leƙo sai a aika abin da ya sauya kaɗai.

Saura masu tsoron halinka, kuma suna da hujja. A 2019 ka taƙaita wa mutanen Iran da Siriya hulɗa da kai saboda takunkumin Amurka. A Agustan 2021 kuma ka daina karɓar kalmar sirri wajen tura kaya, ka koma neman mabuɗi na musamman. Na biyun mun yafe, tsaro ne. Na farkon ma bai isa ya hana mu zuwa ba, domin cikakken tarihin aikin yana nan a kwamfutarmu. Ranar da ka murtuke fuska, adireshi kawai za a sauya, abokiyar hamayyarka GitLab na nan tana jira.

Namu alkawarin, ba za mu cusa kalmomin sirrinmu cikin kayan ba, kuma fayil ɗin da ya haura megabait 100 ba za mu aza maka ba, tunda ka ce wuyanka ba ya ɗauka.

Wassalam,
Masu ajiya daga Ɗanzomo