Makaranta a Layinmu, 'Ya'yanmu a Wata Unguwa

Mu dai a Kano, idan yaro ya isa shiga makaranta, ba ma tambayar wacce ce ta fi kusa da gida. Tambayarmu biyu ce: wacce ake yayi, kuma nawa ne kuɗin zango. Wanda yake shakka ya tsaya bakin titi da ƙarfe bakwai na safe ya ga Adaidaita Sahu maƙare da yara, jakunkuna a rataye ta baya, kwandunan abinci a ƙarƙashin ƙafafu. Na Ɗorayi sun nufi Zoo Road, na Kurna sun nufi Bompai, na Hotoro sun nufi cikin gari. Ɗan shekara huɗu yana gyangyaɗi a kafaɗar yayarsa, bakinsa da sauran koko, domin tun asuba aka tashe shi. Kowanne cikinsu kuwa sai ya wuce ƙofar firamaren unguwarsu kafin ya hau babban titi.

Wannan ne ya sa wani tsohon hedimasta a majalisarmu ya kafe cewa a shata iyaka. Kowace makaranta, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, a ware mata unguwanninta, kada ta ɗauki yaron da ba na nan ba. Bai rufe baki ba Alhaji mai shagon kwana ya ce, "Haba Malam, Allah ya gafarta maka, da kuɗina da ɗana, sai a zaɓa mini inda zan kai shi?" Malam ya ce, "Alhaji, ai lokacin da aka sa ka a firamare ba wanda ya tambayi mahaifinka. Mai unguwa ne ya rubuta sunanka, kuma benci ɗaya kuka zauna da ɗan hakimi." Aka yi dariya, amma ba wanda ya musa.

Wannan tsari na shata iyaka ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka adireshin gidanka ne yake nuna makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga, kuma kaso mai yawa na kuɗin tafiyar da ita daga harajin gidajen yankin yake fitowa. A Ingila ma nisan gida da makaranta yana cikin abin da ake dubawa idan gurabe suka yi kaɗan. Sai dai a ƙasashen biyu iyakar ba ta hawa kan makarantar kuɗi. Abin da ya biyo baya shi ne gidajen da ke kusa da makaranta mai kyau sun yi tsada, mai hali ya saya ya tare, marar hali ya tsaya inda yake.

Mu ma mun san irin wannan iyaka a jami'o'in tarayya, inda ake raba gurabe kashi 45 cikin 100 don cancanta, 35 don jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 don jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Mun kuma san yadda ake fafutukar takardar shaidar ƙaramar hukuma idan lokacin ya zo. To ina ga firamare, a garin da lunguna da yawa ko lambar gida babu? Ranar da aka kafa dokar, washegari kowane yaro zai zama ɗan gidan kawunsa na Nassarawa. Ga masu haya da ke tashi duk shekara biyu, ga yaran da ake riƙo a gidan kaka ko gwaggo. Hujjar Alhaji tana da ƙarfi a nan, kuma ban ga yadda za a tsare iyaye da igiya ba.

Amma abin da ke cin ran Malam gaskiya ne, kuma ni ma yana cin raina. Leƙa firamaren unguwarku wata rana da hantsi. Za ka tarar da aji ɗaya yara sun haura ɗari, na gaba a zaune a ƙasa sun ɗora littafi a gwiwa, na baya sun jingina da bango ba sa ko hango allo, taga babu murfi, malama ɗaya muryarta ta dishe tun kafin a fita tara. Ba malaman kirki aka rasa ba. Da yawansu sun fi na makarantun kuɗi takardu da daɗewa a aiki. Abin da aka rasa shi ne uban da zai shigo ya tambayi dalilin da rufin aji uku yake yoyo tun damina biyu, kuma a ji tsoron tambayarsa. Iyayen da ke da baki, ma'aikaci da ɗan kasuwa da kansila, har da shi kansa malamin firamaren idan albashi ya yarda, duk mun kwashe namu mun kai wani wuri. Muka bar makarantar ga ɗan mai ga-ruwa da 'yar mai ƙosai, waɗanda iyayensu ba su da lokacin zuwa taro, in ma sun zo ba a saurarensu.

A takarda kam ba a bar mu a baya ba. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Gwamnatin Kano ta sake shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Amma duba yadda ƙasar nan ta ɗauka a 2019 da gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya sa ɗansa a makarantar gwamnati ta Kaduna Capital School. Jaridu da gidajen rediyo suka kwana suna maganar. Abin da iyayenmu suke yi ba tare da kowa ya waiga ba, yau ya zama labarin shafin farko.

Mata kuwa nasu lissafin daban ne, kuma sun fi mu kusa da gaskiyar lamarin. Wata maƙwabciyarmu ta ce wa uwargidana, "Yaya, ni ba Turancin nake biya ba, natsuwa nake biya. Ina so in san malamar 'yata ta san sunanta." Ita ce kuma ta ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da take ba ɗan sahu a wata ya kusa kamo kuɗin makarantar kansa. Gidaje da yawa sun dawo da yara kusa ba don wata doka ba, aljihu ne ya shata musu iyaka.

Kada mu manta kuma makarantun kuɗin ba ɗaya suke ba. Akwai ta cikin lungu, gidan haya mai ɗaki huɗu da aka yi wa fenti, wadda duk ɗalibanta da ƙafa suke zuwa. Ita dama ta unguwa ce, ba ta buƙatar a ce mata komai. Akwai kuma mai doguwar katanga da motocin ɗaukar ɗalibai, wadda take zaune a layinmu, tana cushe mana hanya safe da rana, amma ɗan maigadinta ba zai taɓa zama a ajinta ba. Wannan ce nake ganin unguwa tana da haƙƙi a kanta. Indiya ta yi doka a 2009 da ta wajabta wa makarantun kuɗi ware kashi 25 cikin 100 na guraben ajin farko ga 'ya'yan marasa ƙarfi na kewayensu, gwamnati ta biya musu. Masu makarantun suna kukan jinkirin biyan, amma yara sun shiga. Muna da hukumar da ke yi wa makarantu masu zaman kansu rajista a Kano. Me zai hana ta sa irin wannan sharaɗi, ko da kashi 10 ne, mai unguwa da limami su tantance waɗanda suka cancanta a bainar jama'a?

Kuma ba sai mun je Indiya koyon zama tare ba. Da la'asar yaran nan da aka watsa gari da safe suna dawowa su haɗu a Islamiyyar unguwa, ɗan Alhaji da ɗan mai wankin hula a tabarma ɗaya, malami ɗaya. Idan rufinta ya yaye, kafin Juma'a an yi karo-karo an gyara, domin kowa nasa yana ciki. Mu ne dai muke cewa ɗa na kowa ne.

Saboda haka ni ban goyi bayan a ɗaure makarantun gwamnati da na kuɗi da iyaka ɗaya ba, don ba za ta tsaru ba, kuma talaka za ta fara kamawa. Na goyi bayan a ba 'ya'yan unguwa kasonsu a duk makarantar kuɗin da ta kafu a cikinsu. Ita kuma firamaren gwamnati tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda kujerunsa na mutanen unguwa ne, ko ɗanka yana makarantar ko ba ya ciki. Idan an koma hutu, ɗan'uwa, ka je ka gaisa da hedimasta, ka tambaye shi ranar zaman kwamitin, ka kuma nemi ya zagaya da kai ajujuwan.