Tifar Yashi da Madubin Motata

Tun da Turawa suka fasa Ƙofar Kabuga suka shiga Kano a 1903, ba na jin an sake yin kutse a wurin irin wanda wata tifar yashi ta yi wa Corolla ɗina. Na faka ta a bakin titin Gwarzo na tsallaka sayen balangu, birki ya ƙwace wa direban tifar. Kafin mai nama ya gama barbaɗa yaji, but ɗin motar ya dawo kujerar gaba.

Nan take jama'a suka yanke hukunci. "Alhaji, ƙaddara ce." "Tunda rai bai salwanta ba, a yi haƙuri." Direba ya durƙusa, wani dattijo da ban taɓa gani ba ya yafe masa a madadina. Na ce direba kam na yafe, amma kamfanin inshora bai roƙe ni gafara ba.

Na zaro takardar inshorata ina taƙama, irin ta naira 15,000 ɗin nan da aka ƙara wa kuɗi daga 5,000 a Janairun 2023. Ɗan sanda ya duba ya miƙo mini. "Yallaɓai, wannan ta wanda ka buga ce. Kai kuwa buge ka aka yi." Ke nan inshorar tifa zan bi, in har ta gaskiya ce, don da yawa a gindin bishiya ake buga su. Muka sa lambar tifar a rumbun bayanan inshora na NIID ta waya, sai ga ta ta fito. Mai tifar ya fi kowa mamaki.

Kawuna kuma ya kira ni da dare ya ce kuɗin inshora akwai shubuha, me ya hana ni yin takaful? Na ce, "Kawu, ai ba ni na zaɓa wa tifar kamfani ba." Ya ce to in kuɗin sun fito in tuna da rufin ɗakinsa.

Aka kai rahoton 'yan sanda, hotuna, takardun mota. Mai kimanta ɓarna ya zo da kwat cikin zafin Afrilu, ya zagaya motar kamar mai taya ragon layya, ya ce ta tashi daga aiki. Wannan kam ko almajirin da ke gefe ya riga shi faɗa. Kuɗin da ya rubuta ne ya sa ni zama: farashin da na saye ta kafin darajar naira ta zube a 2023, ya kuma zaftare kuɗin tsufa. Abin da ya rage ko adaidaita-sahu mai lafiya ba zai saya ba.

Ihu bai ƙara ko sisi ba. Abin da ya yi aiki takarda ce. Na bi dillalan motoci suka rubuta mini farashin irinta, shekararta, a kasuwar yau, da hatiminsu. Na tono rasit ɗin sababbin tayoyi. Na rubuta wasiƙa cikin ladabi, na ambaci sunan NAICOM, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora, sau ɗaya tak. Sai ga waya, har da tambayar iyali. Kuɗi suka ƙaru, da sharaɗi guda: gawar motar ta zama tasu, yadda take a hoto.

Na garzaya garejin makanikin da aka ajiye wa motar. Babu batir, babu fitilun gaba, babu madubi, rediyo ma ya yi hijira.

"Oga, ina kayan motar?"

"Alhaji, gawa me za ta yi da madubi? Na rage maka asara ne." Ya miƙo mini 'yan canji, ya cire na shayi.

Haka na wuni a kasuwar Ƙofar Ruwa ina fansar motata gunduwa-gunduwa domin in miƙa wa masu ita. A wata rumfa na tarar da madubina, da sitikar Kano Pillars da ɗana ya manna a bayansa. Yaron shagon ya rantse ɗan Beljiyam ne, jiya aka sauke shi daga kwantena.

Na ce, "Samari, a Beljiyam ma Pillars suke yi?"

Ya ce, "Sosai, Baba. Shi ya sa ba ragi."